Idi Turmi da Layi na Takwas

Shekara goma sha biyu ke nan, a wannan kakar da muke ciki, da muka kai ƙanena Idrisu makwancinsa a Jajaye. Idan ka ce Idrisu a ƙasar Rogo ko Karaye, sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Idi Turmi, duk wanda ya haura shekara talatin zai gyara zama. Ɗan kokawa ne, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ya yi kaka goma sha uku yana shiga fage, kuma ranakun da aka kayar da shi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na girme shi da shekara shida. Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo nakan je Jajaye in yi sadaka, in ziyarci kabarinsa da na Inna, in dawo ban ce wa kowa komai ba. Bana ce kaɗai na ga dole in yi magana, domin bana aka yi mini tambayar da na daɗe ina roƙon Allah kada a yi mini.

Abin da ya faru shi ne, tsofaffin 'yan kokawa na Karaye da Rogo da masu son wasan sun haɗa hannu sun kewaye tsohon fagenmu da katangar bulo. Suka yi shawara a rubuta sunayen gwanayen da suka ajiye warki a jikin katangar gabas, don na baya su san an yi maza kafin su. Aka tsayar da suna takwas. Mai fenti ya zo ya shafa fari, ya ja layi takwas da igiya. A kan bakwai ba a yi gardama ba. Na takwas shi ne na Idi.

Shugaban kwamitin, Malam Sabo, tsohon hedimasta ne da ya koyar da rabin garin nan. Ya same ni da hantsi a turkena na Unguwar Hajji ina duba wani bijimi. Muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa, na tambayi jikoki da ƙarfin jiki. Sannan ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Alhaji, ba gulma ta kawo ni ba," in ji shi. "Wasu a kwamiti sun ce da allura Turmi ya ƙarasa wasansa. Wasu sun ce hassada ce kawai. Mun yi zama uku ba mu gama ba. Kai ne wansa, kuma ba a san ka da ƙarya a kasuwa ba. Abin da ka faɗa shi za mu ɗauka."

Na ce ya ba ni mako guda. Ya dube ni, ya mayar da tabarau, ya ce Allah ya kai mu. Ina jin tun a wurin ya sami rabin amsarsa.

Kafin in ci gaba sai na faɗi sana'ata, don a cikinta maganar take. Ni dillalin shanu ne. Da jan igiyar awakin mutane na fara a kara, har Allah ya ba ni turken kaina. Duk wanda ya daɗe a harkar nan yana da ɗabi'a ɗaya: ba ya yarda da ido. Akwai allurar ƙiba da ake yi wa shanu da raguna idan Babbar Sallah ta matso. Tana kashe wa dabba ciwo, ta buɗe mata ciki, ta sa jikinta ya riƙe ruwa, cikin 'yan makonni sai ka ga sa ya cika ya yi sheƙi. Mai saye da ido shi ake cuta. Mu kuwa sai mu ɗora babban yatsa a kan naman mu danna. Naman dusa da harawa yana tasowa nan take. Naman allura idan ka danna sai ya lotsa, ka ɗauke yatsa ramin yana nan yana kallonka. Ba zan wanke kaina ba: a shekarun nan ni ma na yi wa nawa shanun. Ina danna na wasu don kada a cuce ni, ina tsira wa nawa don su cika ido. Kwalaben suna cikin wani akwatin katako a rumfar turke, ba ko kwaɗo.

Idi kuwa tun yana saurayi ba ƙarfi ne jarinsa ba. Akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi nesa. Abin da yake da shi haƙuri ne da sanin inda nauyin mutum yake. Zai bar dogon mutum ya danno shi, ya yi kamar ya gaji, har sai wancan ya saki jiki ya ɗora masa duk nauyinsa. Sai ka ga Idi ya nutse ƙasa kamar an janye shi, ya shiga tsakanin ƙafafu, ya maƙale dunduniya ta ciki, ya miƙe. Mutum ya faɗi bai san me ya kayar da shi ba. Ba ya bin wanda ya kayar ƙasa, yana tsaye zai miƙa masa hannu. Makaɗa ne suka sa masa Turmi, wai ana daka a kansa ba ya matsawa. Kaka tara ya yi a haka, abincinsa tuwon dawa da fura, horonsa huɗa da ɗaukar dami. Wannan tara ɗin ni shaida ne, kuma zan maimaita a gaban kowa.

A kaka ta tara gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi matsala. Shigar nan tasa kuwa da gwiwa ake yin ta. Maɗori ya ɗaure, aka shafa abin da ake shafawa, amma idan ya nutse tashi sai da cije leɓe. Da rani ya zo wurina Karaye yana taya ni aikin turke. Wata rana da safe aka kawo mini wani sa mai ɗingishi wanda ya ƙi cin abinci. Na yi masa allurar. Bayan kwana biyu ya miƙe yana ture 'yan uwansa a kan dusa. Idi yana jingine da rumfa yana kallo.

"Yaya, wannan ruwan me yake yi wa sa?"

Na gaya masa.

"Mutum fa?"

"Kai sa ne?" na ce.

Muka yi dariya mu biyu. Na sha tuna dariyar nan. Da a ce maimakonta na ɗauki akwatin na kai ɗaki na kulle, da wataƙila yau yana zaune a cikin kwamitin ana gardama da shi a kan sunan wani.

Da kaka ta zo Idi ya koma fage ba ɗingishi. Mutane suka ce maɗorin nan ya iya aiki. Ni kuma na lura kwalba tana ƙarewa da wuri, na ce wa kaina zuba take. Na tabbatar ne ran wani suna a Jajaye. Muna zaune a tabarma da safe ana jiran liman, Idi ya miƙe ƙafa a gefena, wandonsa ya ɗage. Ban yi niyya ba, wallahi, hannu ne ya yi abin da ya saba. Na ɗora yatsa a ƙwaurinsa na danna. Na ɗauke. Ramin ya zauna.

Ya kalli wurin, ya kalle ni. Ya ja wando ya rufe.

"Yaya, ba a kasuwa muke ba," ya ce a hankali.

Aka raba goro, aka yi addu'a, muka tashi. Ban sake tayar da maganar ba. An sha cewa kunya ce take hana wa faɗa wa ƙane irin wannan. Tawa ba kunya ba ce. A lokacin duk kasuwar da na shiga, daga Rogo har cikin ƙasar Katsina, sai ka ji ana cewa ga wan Turmi nan. Sarkin kara ya ba ni kujera, Fulanin da ba su taɓa ganina ba su miƙo mini igiya. Sunansa yana buɗe mini ƙofa, ni kuwa ban so ƙofar ta rufe ba. Akwatin dai na ɗauke daga rumfa bayan sunan nan, na ce na yi nawa. Amma zuwa lokacin ya riga ya san hanya. Ya samo wata allurar daga birni, irin ta masu ɗaga ƙarfe, wadda take gina damtse da kafaɗa. Yana haɗa biyun.

A kakar da ta biyo ne aka haɗa shi da Haro. Haro Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Fulatan, dogo siriri, ƙafafunsa kamar an dasa su. Kaka biyu ya yi yana wasa ba wanda ya kai shi ƙasa, kuma ba a taɓa ganin ya yi fushi a fage ba. Kowa yana son ya ga yadda shigar Turmi za ta yi da wannan tsawon. Bayan la'asar ne, an gama yankan dawa, fage ya cika har kan bishiyoyi. Suka kama juna. Na tsaya ina jiran Idi ya bari a danno shi kamar kullum. Bai bari ba. Rungumar Haro ya yi ta ƙugu, ya ɗaga shi sama gaba ɗaya, abin da bai taɓa iya yi wa ko wanda bai kai Haro ba, ya juya ya buga shi da ƙasa, ya bi shi da duk sabon nauyinsa. Ina kusa, na ji ƙarar. Ganguna suka haukace, aka ɗauki Idi a kafaɗa. Haro bai yi ko tari ba. 'Yan uwansa suka ɗora shi a babur su biyu suna riƙe da shi. Kwatangwalo ne ya goce, ƙashin kuma ya tsage. Bai ƙara shiga fage ba.

Ran nan ma an yi mini barka, na amsa.

Idi ya ƙara kaka biyu yana kayar da mutane da ɗagawa. Shigar ma ya daina yin ta, ba ya bukata. Sai jiki ya fara neman hakkinsa. Fuska ta yi zagaye ta kumbura, ƙafa ta ƙi shiga takalmi, ƙishirwa ba dare ba rana. Mutumin da ba a san shi da faɗa ba ya koma yana fasa ƙwarya a kan an daɗe ba a kawo ruwa ba. Muka kai shi asibiti a Kano aka ce hawan jini ne da suga, ƙoda kuma ta taɓu. Likitan ya kira ni gefe ya tambaye ni ko akwai abin da yake sha ko yake tsirawa. Na ce maganin gargajiya ne kawai. Ya dube ni, sannan ya rubuta abin da zai rubuta. An yi ta wankin ƙoda har jiki ya daina ɗauka, muka dawo da shi gida.

Kwana uku kafin rasuwarsa ina zaune kusa da shi da hantsi a ɗakin Inna, ina kore masa ƙuda. Ya daɗe ido rufe, sai ya ce, "Yaya, Haro yana tafiya kuwa?"

Na ce yana tafiya, da sanda.

Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Ka je ka ce masa ya yafe mini. Ka gaya masa dalili."

Na ce zan je. Shekara goma sha biyu ina wuce mararrabar Fulatan a mota, ban taɓa karya kai ba. Domin in na gaya wa Haro dalili, sai na gaya masa daga akwatin wa aka fara.

A makon da Malam Sabo ya ba ni, na saurari kowane ɓangare, don duk wanda ya ji labari sai ya biyo ta turke ya ajiye mini ra'ayinsa. Masu son a rubuta Idi suna cewa wane ne a cikin bakwai ɗin can bai ɗaura laya ba, wane ne bai sha saiwa ba? Suna cewa wa ya auna jinin sauran, ko don su ba su da wan da za a je a tambaya? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Ni kaina akwai suna ɗaya a cikin bakwai ɗin da ba zan rantse a kansa ba. Amma laya a damtse take, abokin karawarka yana ganin taka kana ganin tasa, kun shiga a kan sani. Allura a ƙarƙashin wando take. A sana'armu idan dabba tana da aibi ka faɗa, ciniki ya halatta ko da aibin ya kai girman me. Idan ka ɓoye, ko ƙarami ne, ka ci amana. Haro ya shiga fage ne da nufin karawa da mutum ɗaya, aka ba shi wani.

Masu cewa a cire shi kuma sun manta da tara ɗin farko, ko sun ga dama sun manta. Da a ce gwiwar nan ta zaunar da Idi a kaka ta tara ya koma gona, da sunansa ne na farko a katangar, ba na takwas ba. Allurar ba ta ƙara masa komai a gwaninta ba, rage masa ta yi. Ta karɓe shigar da aka san shi da ita ta ba shi ɗagawa irin ta kowane ƙato.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga fagen yau. Yanzu ba a ma ɓoyewa. Za ka ga mutum ya watsa ƙwaya a baki ya kora da lemon kwalba a gaban jama'a, ido ya yi ja, ya shiga ana ɗaukarsa a waya. Kafaɗu kamar an cusa tsumma, amma a yi minti biyu ana riƙe da juna sai haki. Ba mai jira, ba mai karanta nauyin wani, kowa ɗagawa yake nema. Ina jin Idi ba fuskokinsu zai kalla ba, idon sawunsu zai kalla, ya san wanda ya rage wa shekara biyar da wanda ya rage wa uku. Ko zai yi magana? Ban sani ba. Mu gidanmu mun iya shiru.

Ana saura kwana biyu wa'adin ya cika na hau babur na tafi Fulatan. Na sami Haro a gindin wata ɗorawa yana tufkar igiya, sandar tana jingine a cinyarsa. Ya yi furfura. 'Ya'yansa ne suke fita da shanu, shi ƙafar ba ta kai shi nesa. Ya gane ni tun kafin in sauka.

"Dillali! Saniya ka zo saye ko gurgu ka zo gani?"

Na ce gaisuwa na zo. Ya ce dillali ba ya gaisuwar banza, amma in zauna. Aka kawo fura da nono. Muka gaisa, muka yi maganar ruwan bana da tsadar dusa. Sannan na ajiye ludayi na faɗa masa komai, tun daga sa mai ɗingishi har zuwa ɗakin Inna. Bai daina tufka ba har na gama.

"Alhaji, kana tsammani labari ka kawo mini?" ya ce. "A kan shanu hannuna ya girma. Ina kama damtsensa na ji. Na ce a raina, yau da san Sallah aka haɗa ni."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wanda aka kayar idan ya buɗe baki me za a ce? A ce zafin kaye ne. Mu kuma ba ma kai kuka gaban jama'a." Ya ɗago ya dube ni. "Ni ke nan. Kai me ya hana ka?"

Na ce saƙon dai na yafiya ne, ga shi na kawo a makare.

"Yafiya na yafe tun ina kwance a gidan maɗori," in ji shi. "Ƙafar ce dai ba ta ji ba." Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ajiye igiyar. "Ka san abin da ya fi ƙafar ci mini rai? Ina saurayi nakan bar shanu da ƙanena in tako tun daga nan don in ga Turmi ya shiga ƙarƙashin mutum. Saboda shi na fara kokawa. Kaka biyu ina shirya yadda zan tare shigar nan, har da maruƙa nake gwadawa. Ranar ta zo, bai yi ta ba. Har yau ban san ko da zan iya tare ta ba. Wancan Turmin ku rubuta shi. Wanda ya faɗo mini a ƙugu ban san shi ba."

Ran Asabar da safe kwamiti ya zauna a wani aji. Na tsaya na faɗi abin da na faɗa wa Haro, ban rage ba, har da akwatin da kujerar sarkin kara. Sannan na roƙi abu biyu. Na ce a rubuta Idi Turmi, a sa kaka tara a gaban sunan maimakon goma sha uku. Na ce kuma a nema wa Haro wuri, domin ba gazawarsa ce ta tsayar da shi a kaka biyu ba.

Wani tsohon makaɗi, wanda da bakinsa aka fara kiran Idi Turmi, shi ya fara amsawa, yana magana yana share ido. Ya ce katanga ba jarida ba ce, ba ta da wurin bayani, kuma mutum ɗaya ne, ba a yanka shi biyu a rataye rabi. Wani ya ce idan aka sa tara, duk wanda ya zo zai tambayi ina huɗun, a yi ta tona shi har abada, gara a bar shi ya huta. A kan Haro kuwa aka ce ƙa'ida kaka biyar ce, idan aka karya masa sai an karya wa goma. Malam Sabo ya sa aka ɗaga hannu. Idi bai samu ba. Haro bai samu ba. Aka koma neman wanda za a sa a layi na takwas, sai mutanen Rogo suka ce idan aka ɗauko daga Karaye an fi su yawa, mutanen Karaye suka ce haka nan. Har azahar ba a daidaita ba. Aka ce a bar shi haka tukuna.

Daga nan Jajaye na wuce, don kada Hajara matar Idi ta ji a bakin wani. Ta saurare ni daga bakin ƙofar ɗaki, tana tsince wake a faifai.

"Yaya," ta ce, "da ransa ka yi shiru. Sai da ya kai inda ba zai iya kare kansa ba ka sami baki. Abu ɗaya ya bar wa 'ya'yansa, shi ne sunan nan."

Na ce gaskiya ta faɗa. Tun ranar 'ya'yan Idi ba su taka gidana ba. Na san kuma akwai masu karanta wannan da za su ce an hana tonon aibin mamaci. Na sani, na kuma yi ta juya shi. Abin da zan ce kawai, shi da kansa ya ce in faɗi dalili, kuma aibin da ya fi girma a labarin nan na mai rai ne. Shi ya cuci jikinsa da mutum ɗaya yana tsoron gwiwa. Ni na ga ramin da idona, na san ma'anarsa fiye da kowa a tabarmar nan, na tashi na karɓi goro.

Makon jiya aka buɗe katangar. An yi kiɗa, an yi jawabi, an karanta suna bakwai ana tafi. Ina tsaye daga baya sai na ga an sauke Haro daga babur. Ya dogara sanda ya zo inda nake. Shi bai yi boko ba, ya ce in nuna masa wajen Turmi, don ba wanda ya kai masa labarin yadda zaman ya ƙare. Bayan jama'a sun koma kallon wasa na kai shi gaban katangar. Na karanta masa bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai, a kan wani sunan ya ce wannan ya isa, a kan wani ya ce in wuce. Da muka zo ƙasa na kama hannunsa na ɗora a kan layin da ba komai sai farin fenti. Na gaya masa yadda aka yi da sunansa da na Idi a kwamiti.

Ya daɗe yana shafa wurin da tafin hannu.

"Ashe mu biyu ne a nan," ya ce.

Ban san ko kwamitin ya yi daidai ba. Wata rana nakan ga sun yi, wata rana in ga sun zaɓi abin da ya fi sauƙi. Abin da na sani shi ne abin da ya rage na ƙanena bayan shekara goma sha biyu: kaka tara da ba mai iya ƙwace masa, ƙafar Haro da ba mai iya gyarawa, da shigar nan da har yanzu idan wani ya yi kuskure ya yi ta a fage tsofaffi suke miƙewa tsaye su kira sunansa. Ni kuma na daina yi wa shanu allura tun ran da muka dawo daga maƙabarta, kuma ba ni da abin alfahari a ciki, don ya zo a makare kamar saƙon Haro. Yatsan dai bai daina ba. Duk bijimin da na danna naman ya taso, sai na ga wancan ramin da bai taso ba.

Allah ya jiƙan Idrisu, ya yafe masa abin da ya ɓoye, ya saka masa da tara ɗin da ya yi a fili. Allah ya ba Haro ladan haƙurinsa. Ni kuma masu karatu su sa ni a addu'a, domin duk ranar kasuwa ta gaban katangar nan hanyata take bi.